Farin Fenti a Kan Beshik

Ranar Asabar ɗin da aka yi bikin kwantar da jikarsa a gado ne Tulkin-domla, wato Malam Tulkin, ya daina yi wa mutane gyara. Kafin ranar, duk wanda ya buɗe baki a gabansa sai ya sha gyara: mai gurasa, likita, direban tasi, har da mai karanta labarai a talabijin, wanda ba ya ma jin sa. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana koyar da adabi a wata makarantar sakandare a garin Kokand, da ya yi ritaya kuma sai ya mai da garin gaba ɗaya ajinsa.

Maganar fenti ta samo asali ne daga rasuwar matarsa, Mawjuda. Ta rasu da sanyi, ta bar shi a hawa na uku da littattafansa da kayan ɗakin da bai taɓa kallo da kyau ba. Bayan an watse daga zaman makoki sai ya ga kayan sun fara kallonsa. Kabad ɗin kwanuka, kujerun kicin, ɗan teburin da take ɗora keken ɗinki, kowanne da tabonsa, kuma duk tabon ita ta san labarinsa. Karatu ya ƙi shiga. 'Yarsu tilo, Nafosat, ta ba shi tsohuwar wayarta don ya rage kaɗaici, a nan ya ci karo da wasu 'yan mata masu fara'a da ke ɗaukar tsohon kabad su goge shi da samfefa, su shafa masa farin fenti, su sauya masa mariƙi, sannan su tafa hannu. Da farko ya kalla ne don ya raina. Kafin mako ya zagayo ya sayo gwangwanin fenti mafi araha a kasuwa da buroshi biyu.

Ya fara da kujerun kicin. Daga nan kabad, sai teburin ɗinki, sai ƙofar banɗaki. Kuɗin fansho ba sa sayen sabon abu, amma suna sayen farin fenti, farin fenti kuwa ba ya tambayar abin da ke ƙarƙashinsa.

Maƙwabcinsa Ergash, tsohon direban bas da ke hawa na biyu, yakan hawo da yamma su buga dara. Wata rana ya tsaya a bakin ƙofa yana ƙare wa falon kallo.

"Domla, in cire takalmi ko in jira nas ta kira sunana?"

"Shigo ka zauna. Wannan shi ake kira tsabtar ido."

"Mu a wajenmu asibiti ake kiransa. Ka yi hankali dai, kada wata rana ka tashi ka shafe ni."

"Kai sai an yi maka shafi uku kafin ka rufu."

Ana cikin haka Nafosat ta haihu, mace, aka sa mata Sitora. Mijinta Jasurbek ɗan gidan masu sayar da tayoyin mota ne, gidansu da ƙaton ƙyauren ƙarfe mai zanen zaki. Mutanen kirki ne, abin da ya fi ɓata wa Tulkin rai ke nan, don bai sami inda zai kama su ba. Haihuwar fari kuwa, beshik, wato gadon jijjiga jariri, daga gidan iyayen mace yake fitowa, da shimfiɗunsa da gurasa da kayan zaƙi, a kai shi da busa da rakiya. Da Mawjuda na raye, ita za ta tsaya a kan komai, shi nasa ya sa kwat ya zauna. Yanzu kwat ɗin da aikin duk sun zama nasa.

Surukar Nafosat, Hosiyat-opa, ta bugo masa waya cikin ladabi, tana kiransa kuda, yadda iyayen ma'aurata ke kiran juna.

"Kuda, kada ka wahalar da kanka. Akwai masu kyau a kasuwa, Jasurbek zai sayo, ranar biki sai a kawo gidanka da sassafe a fito da shi daga nan. Wa zai sani?"

"Ni zan sani," in ji Tulkin.

Bayan ita, Nafosat ta kira, muryarta ƙasa-ƙasa, ana jin numfashin jaririyar a kusa da wayar.

"Dada, ni ba na son na kasuwa. Na Aya nake so, wanda ta kwantar da ni a ciki. Yana nan a baranda, saman kabad."

"Wannan tsohon? Ai ya ci a ce ya ruɓe."

"Ko ma yaya yake. Ka kawo min shi yadda yake, Dada. Shimfiɗunsa ma ta ɗinka sababbi tun ina da aure sabo, suna cikin akwati, a ƙunshe cikin jan zane. Yadda yake, ka ji?"

"Na ji," in ji shi. Kuma ya ji ɗin, kamar yadda yake jin amsar ɗalibi: yana saurare yana shirya gyara.

Washegari ya hau kujera ya sauko da shi. Ƙaramin gadon katako ne mai lanƙwasassun ƙafafu don jijjigawa, da baka a kai da baka a ƙafa, da doguwar sanda da ta haɗa su ta sama. Kakar Mawjuda ce ta fara kwantar da 'ya'yanta a ciki. An taɓa yi masa zoben fenti kore da ja da rawaya, yanzu duk sun koɗe sun zama kalar shayin jiya. A jikin sandar, ɗan hagu da tsakiya, fentin ya tafi gaba ɗaya, katakon ya yi baƙi yana sheƙi, har ya ɗan lotsa kamar cikin cokali. Falankin ƙasa kuwa ya tsage, ga wani rami a wajen ƙafa, bakinsa ya yi baƙi yana marmashewa, yana wani tsohon wari.

Tulkin ya tsaya yana kallonsa, amma ƙyauren nan mai zaki yake gani. Ya ga ana sauke wannan abin a tsakar gidan masu tayoyi, a gaban matan da ke sa zinariya har a haƙori, ya ji abin da za su ce a hanyarsu ta komawa gida: malami ne, ka san su, sai baki. Ya ce a ransa yarinya ba ta san abin da take roƙo ba. Jego ne da kewar uwa. Wata rana za ta gode masa.

Ya kamata a faɗi abu ɗaya game da shi, ba don a wanke shi ba. A gidan marayu na gwamnati ya tashi, inda jarirai ke kwana a gadajen ƙarfe a jere, don haka ba a taɓa jijjiga shi a beshik ba. Lokacin da aka haifi Nafosat kuma yana fama da wani dogon rubutu a kan mawaƙan da, wanda har yau bai gama ba. Beshik ɗin yana ɗaya ɗakin, a lulluɓe da mayafi, kuma abin da ya sani game da shi bai wuce ƙararsa ba.

Ya yi aikin da zuciya ɗaya, wannan ba mai ƙwace masa. Ya kankare tsohon fentin da wuƙa, ya bi da samfefa mai kaushi, sannan mai laushi. Baƙin wurin nan na jikin sanda ya fi ba shi wahala, don dattin, a ganinsa, ya shige cikin katakon sosai. Ya yini a kansa yana gurza, har sai da fari ya fito, lotsawar ma ta baje ta yi daidai da sauran. Ya shafa hannu ya ji sumul, ya ji daɗi. Falankin ƙasa ya ɓamɓare shi ya jefa a bola, yana tsine wa ɓerayen baranda. Ya ciro bayan wata tsohuwar durowa, ya auna, ya yanka da zarto, ya kafa da gam da ƙananan ƙusoshi. Lafiyayyen falanki, babu tsaga, babu rami. Sannan ya shafa fari, ya bari ya bushe, ya sake shafawa. A kan bakan kai ya zana wani ɗan siririn reshe da ruwan zinariya, kamar yadda 'yan matan waya ke yi. Ya bar shi a baranda iska ta kwashe warin.

Jan ƙunshin da ke cikin akwati bai kwance shi ba. Ya ɗaga murfin akwatin, ƙamshin Mawjuda ya bugi fuskarsa, ya ɗauki ƙunshin yadda yake ya aza a cikin gadon, ya ja sabon mayafin karan-miski ya rufe duka.

Ergash ya ɗaga gefen mayafin ya leƙa.

"Shi ma ya shiga asibitin ke nan."

"Ka taɓa ganin mai kyansa?"

"Kyau kam akwai. Kamar firji."

Ranar Asabar aka fito da hantsi. Masu kakaki a gaba, 'yan uwan Mawjuda mata ɗauke da farantan gurasa da alewa a ƙunshe, wani ɗan ƙanwarta ya saɓa beshik a kafaɗar dama. Tulkin yana baya cikin kwat ɗinsa mai ruwan toka, Ergash a gefensa. A ƙofar gidan aka tarbe su da watsa alewa, Jasurbek ya karɓi gadon, aka shige da shi ɗakin mata a lulluɓe. Maza suka zauna a kan dakalin katako ƙarƙashin inabi, aka kawo shayi, aka kawo shinkafa da nama da karas tana tururi.

Mahaifin Jasurbek, Mamatkul-aka, mutum ne mai faɗin ƙirji da saurin dariya. Ya zuba wa Tulkin shayi da hannunsa.

"Kuda, an ce da kanka ka gyara gadon. Mu kam sai dai mu saya. Hannunmu bai iya komai ba sai ƙirga taya."

"Abu ne mai sauƙi," in ji Tulkin. "Mutum ya dubi abu da kyau kawai, ya gane me ke damunsa. Yawancin mutane ba sa duba abin da ke gabansu."

Ya ci gaba daga nan. Ya yi musu bayanin samfefa mai kaushi da mai laushi. Ya gyara wa wani baƙo shekarar da aka gina wata tsohuwar makaranta. Yana cikin bayanin yadda mutanen yanzu ke zubar da kayan tarihi ne hayaniyar ɗakin mata ta ɗauke ɗif.

Tagar ɗakin a buɗe take, tana kallon dakalin. Aka ji muryar wata tsohuwa tana cewa, "Ku juyo min shi. A'a, ɗaya gefen." Sai wata ta tuntsire da dariya ta toshe baki, wata ta kama, kafin ka ce me ɗakin ya ɗauka.

Hosiyat-opa ta fito bakin ƙofa, fuskarta ja, tana cizon leɓe.

"Kuda, don Allah ɗan zo. Buwi ce ke kira."

Buwi ita ce kakar Jasurbek, Oyniso, wadda ta kwantar da duk jariran gidan a gado tun kafin a kawo wutar lantarki unguwar. Tulkin ya tsaya a bakin ƙofa. Mata sun cika ɗakin, a zaune a kan katifu sun jeru da bango, hayaƙin turaren tsari yana tashi. A tsakiya ga beshik ɗinsa, fari fat, ya fi komai haske a ɗakin. An kwance jan ƙunshin. Tsohuwar tana zaune a gabansa, 'yar tukunyar ƙasa a hannu ɗaya, 'yar katifar da Mawjuda ta ɗinka a ɗaya hannun. A jikin katifar, wajen ƙafa, akwai rami zagayayye, an bi bakinsa da ɗinki ƙanana, tsaf, irin na Mawjuda.

"Domla," in ji tsohuwar, "kai ne ka yi wannan aikin?"

"Ni ne, Buwi."

"Sannu. Ya yi kyau ƙwarai. To, ina zan sa tukunyar?"

Tulkin ya dubi tukunyar, ya dubi ramin katifar, ya dubi lafiyayyen falankinsa.

"Ko jikar taka ba ta fitsari ne?" in ji tsohuwar. "Mu namu suna yi. Wataƙila na masu ilimi daban ne."

Ɗakin ya sake fashewa. Wata daga can lungu ta ce, "Sai ta riƙe har ta shiga makaranta!" Wata ta ce, "Kai, ku bar bawan Allah, namiji ne." Tsohuwar ta juya kanta.

"Namiji? Mijina da ya rasu ko sunan 'ya'yansa sai ya yi tunani, amma ya san inda tukunya take, don ya sha zubar da ita." Ta ƙwanƙwasa falankin da ɗan yatsa. "Babu rami a na da ɗin, domla?"

"Akwai," in ji Tulkin. Muryarsa ta fito siririya. "Na ɗauka ɓera ne."

Wannan karon har maza sun ji, don sun taso sun tsaya a bayansa. Ya ji dariyar Ergash, wadda ya sani kamar tarin kansa, ta fito sau ɗaya ta maƙale.

Ba wai bai taɓa jin labarin ba. Ya san ana ɗaure jariri a beshik da maɗauri, a sa masa ɗan bututun katako da ke kai fitsari cikin tukunyar da ke zaune a ramin, yaro ya kwana a bushe. Ya sani kamar yadda ya san tsawon kogunan da bai taɓa gani ba. Abin da bai taɓa yi ba shi ne ɗaga mayafin da ke ɗaya ɗakin gidansa. Kuma duk matar da ke ɗakin nan ta gane haka a lokaci guda. Ba kuskuren kafinta suke wa dariya ba. Sun leƙa cikin aurensa ne, sun ga inda yake zaune da inda Mawjuda take zaune. 'Yan uwanta ba su yi dariya ba. Ƙanwarta ta sunkuyar da kai tana gyara bakin zanenta.

Nafosat tana zaune a ƙurya da jaririyar a hannu. Ba ramin take kallo ba. Sandar take kallo.

Jasurbek ya matso kusa da shi, ya yi magana a hankali.

"Dada, ba komai. Yanzu zan aika kasuwa, kafin a gama shayi an kawo wani."

"A'a," in ji Nafosat daga inda take. Ba ta ɗaga murya ba, amma ɗakin ya yi tsit. "A wannan za ta kwanta."

Saboda haka aka fito da beshik tsakar gida, aka kifa shi a kan dakali, a gefen farantan shinkafa. Aka aza tukunyar a kan falankin aka zagaye ta da fensir. Mamatkul-aka ya aiko a ɗauko abin huda katako da siririn zarto daga garejinsa, ya fara naɗe hannun riga.

"Kawo, kuda, kada kwat ɗinka ta ɓaci."

"Ni zan yi," in ji Tulkin.

Ya durƙusa a gaban baƙi da masu kakaki, waɗanda suka ci gaba da cin shinkafarsu suna kallo, ya huda, ya zura zarton, ya fara yanka. Farin fentin yana ɓarewa yana zuba a kan gwiwar wandonsa. Ba wanda ya yi magana, kuma da sun yi dariya da ya fi masa sauƙi. Ergash ya zo ya tsuguna ya danne masa gadon don kada ya motsa.

"Bi layin, domla," ya ce ƙasa-ƙasa. "Kana fita hanya."

Tulkin ya buɗe baki, don bakin ya saba, sannan ya rufe. Ya koma kan layin.

Ramin ya fito a karkace, kamar ƙwai. Tukunyar ta zauna, ko da yake tana ɗan girgiɗi, sai da tsohuwar ta cusa tsumma a gefe. Aka mayar da gadon ciki. Daga dakali ya ji sauran hidimar ta taga: tsohuwar ta kwantar da jaririyar a gicciye tana tambaya, "Haka ake yi?" mata suka amsa da ƙarfi, "A'a!" Ta juya ta kai a ƙafa, "Haka?" "A'a!" Sannan ta kwantar da ita daidai, ɗakin ya ɗauki "E, haka ne!" aka watsa alewa, yara suka yi wawa. Tun yana saurayi yake jin wannan wasan ta tagogin mutane, yana ɗaukarsa shirmen mata. Yau ya ji kamar da shi ake.

Mamatkul-aka ya sake cika masa kofi, ya kawo hirar farashin fetur. Tulkin ya gode masa a ransa, ya kuma ji haushinsa saboda godiyar.

Da la'asar baƙi suka ragu. Ana kwashe faranta aka ce Nafosat tana kiransa. Ya tarar da ita ita kaɗai, tana zaune a ƙasa kusa da beshik, alewa warwatse a kan darduma. An ɗaure Sitora da maɗauran da Mawjuda ta yi wa ado da jan zare, fuskarta kaɗai ke waje, tana ɗan mutsu-mutsun barci. Ya zauna a bakin katifa, gwiwoyinsa suka yi ƙara.

"Ramin ya karkace," in ji shi. "Gobe zan zo da samfefa in daidaita bakin."

"Kada ka sake kawo samfefa gidan nan, Dada."



"Dariyar ba ta dame ni ba," ta ce. "Za su yi ta ba da labarin har Sitora ta yi aure, ba komai. Buwi ma ta ce ka burge ta da ka yanka da kanka." Ta ɗora tafin hannunta a kan sandar, ta shafa zuwa hagu, ta dawo. "Akwai wani wuri a nan. Baƙi."

"Datti ne ya..."

"Hannunta ne."

Ya dubi sandar.

"Hannun Aya, da na mahaifiyarta, da na kakarta. Duk a wuri ɗaya suke riƙewa, don daga nan ne yake tafiya daidai ba ya fizga. Ina ƙarama, in ta fita baranda shanya, sai ta miƙa hannu saman kabad ta taɓa wurin. Ta ce min in na haihu zan sa hannuna a ciki in ji ko ya yi min daidai." Ta ɗan yi murmushi, ba na daɗi ba. "Tun da aka ce min mace ce nake tunanin wurin nan. Shi ya sa na ce maka yadda yake."

"Yana ƙarƙashin fentin," in ji Tulkin da sauri. "Fenti ne kawai, ana kankarewa."

Ya ciro 'yar wuƙar aljihunsa, ya kankare kaɗan a inda ta nuna. Farin ya tashi. A ƙarƙashinsa katako ne fari, sabo, sumul. Ya matsa gaba ya sake kankarewa. Haka. Ya san haka zai tarar tun kafin ya buɗe wuƙar. Yini guda ya yi a kan wurin nan, kuma shi mutum ne da ba ya barin aiki rabi.

"Bari, Dada. Kana zuba mata gari a fuska."

Ya ninke wuƙar. Ya nemi abin faɗa, shi da bai taɓa rasa ba, ya tarar duk maganganun da ke kansa na wasu ne, kuma babu wadda aka yi don wannan ɗakin.

Jaririyar ta motsa, ta yamutsa fuska, ta fara ɗan kuka. Nafosat ta kai hannu, sai aka kira ta daga tsakar gida, baƙin da suka zo daga garin Margilan za su tafi, a zo a yi sallama. Ta miƙe tana gyara ɗankwali, ta dube shi, ta dubi gadon.

"Jijjiga ta, ina zuwa."

Ya kama sandar a tsakiya ya tura. Gadon ya fizga, tukunyar ta yi ƙara a raminta, kukan ya ƙaru.

"Ba haka ba." Ta dawo, ta kama hannunsa kamar na yaro, ta matsar da shi hagu, ta aza a kan wurin da ya kankare. "Nan. Kuma ba turawa ake yi ba. Ka bar shi ya dawo da kansa, kai dai ka tare."

Ta fita. Ya tare, ya saki, ya tare. Gadon ya kama tafiyarsa, kukan ya ragu, ya koma ajiyar zuciya. Sai ƙarar ta fito: ƙiƙ, ƙiƙ, daga ƙafar baya. Fenti bai taɓa ta ba. Ita kam ya san ta.

Ya tuna wata azahar ta bazara, zafi ya cika gidan, yana zaune a teburinsa da takardu. Ƙarar nan tana zuwa ta bango, ƙiƙ, ƙiƙ, ta hana shi haɗa jimla. Ya tashi ya tura ƙofar. Mawjuda tana zaune a ƙasa, ta jingina kai da bango, idonta a rufe, bakinta a ɗan buɗe, barci ya riga ya ɗauke ta, amma hannunta na kan sandar yana aiki shi kaɗai. Kwana da kwanaki yarinyar tana zazzaɓin haƙori. Ya tsaya yana kallonta, har wata 'yar gajeriyar magana ta zo masa baki. Sai ta buɗe ido a firgice ta ce, "Mun dame ka ko?" Shi kuma ya ce a ɗiga wa ƙafar gadon mai, ya ja ƙofar.

Ta ɗiga man. Bai hana ƙarar ba.

A tsakar gida ana ta sallama, ana tura wa baƙi gurasa a jaka suna ƙi. Sitora ta yi barci. Tulkin bai daina jijjigawa ba, don ba a ce masa ya daina ba, kuma bai san ko ana dainawa ba. Kafaɗarsa ta fara ciwo tun ba a je ko'ina ba. Ya dubi hannunsa a kan farar sandar, busasshen hannu mai tabon fenti a farce, wanda ko zai riƙe wurin har ƙarshen ransa ba zai lotsa shi ba. Maganar nan da bai faɗa mata ba ran nan tana nan inda ya bar ta, ba ta tsufa ba, ba ta kuma da wuyar faɗa, ko Ergash zai iya:

Mawjuda, kawo in karɓe ki, je ki kwanta.